Kod na "ai yana tafiya" da kod mai tsabta, tunda AI ke rubutawa

Ƙanena, ka tambaya a zaure cewa tunda AI irin su ChatGPT da Copilot ke rubuta maka kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, manhajar kuma tana tafiya, me zai sa ka ɓata lokaci wajen gyara sunaye da rarraba aiki? Har ka ce ai na'ura ba ta gajiya da karatu. To bari mu jera manhaja iri biyu mu gani.

A ce wani Alhaji a Kasuwar Dole ya ba ka aikin manhajar da za ta riƙe masa lissafin buhunan shinkafa da sukari da bashin masu sari. Ta farko ka gina ta da "ƙara min wannan, ƙara min wancan", duk abin da AI ya zubo ka manna. Komai cikin fayil guda, sunaye irin su x da data2, TVA, wato harajin da ake ɗora wa kaya, ta kashi 19 cikin 100 kuma an rubuta ta a wuri shida. Ta biyu ma AI ɗin ne ya rubuta, amma ka tsaya a kansa: kaya da fayil ɗinsu, bashi da nasa, TVA a fonksiyon guda, wato guntun kod mai aiki ɗaya, mai suna lissafa_tva, ga 'yan gwaje-gwaje da ke duba ko jimilla ta fito daidai.

Ranar miƙa aiki babu mai bambance su. Ta farko ma ta riga gamawa, wannan ban musa maka ba.

Sai ranar da Alhaji ya kira ya ce akwai kayan da ba a ɗora musu TVA, a ware su. A ta biyu, fonksiyon guda za ka nuna wa AI, ya gyara, ka kunna gwaji, shi ke nan. A ta farko dole ka loda masa fayil ɗin gaba ɗaya. Na'urar da ka ce ba ta gajiya, akwai iyakar rubutun da take iya riƙewa a lokaci guda, kuma in rubutun ya yi tsawo takan tsallake abin da ke ciki. Sai ta gyara wuri biyar ta bar na shida, ta ce maka an gama, babu ko shakka a bakinta. Ba ka da gwajin da zai ƙaryata ta. Mai sari ne zai gano, ranar da rasit ɗinsa ya haura da jaka biyu, kuma kai Alhaji zai nema, ba ChatGPT ba.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: AI kwaikwayo yake yi. Abin da ya tarar a kod ɗinka shi yake ƙarawa. In ya ga data2, gobe zai haifa maka data3. In ya ga bashin_mai_sari, ya san kuɗi ne, ya san na wane ne, ba sai ka sake masa bayani ba. Ga tsada kuma, don mai amfani da API, wato hanyar da manhaja ke magana da AI kai tsaye, gwargwadon yawan rubutun da ya tura yake biya.

Sannan akwai mataccen kod, wato wanda aka daina amfani da shi amma ba a goge ba, wanda AI ke yawan bari a baya in ya canja dabara. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar wajen dalar Amurka miliyan 440 cikin kamar minti 45, saboda wani tsohon kod da ba a goge ba ya farka a ɗaya daga cikin sabobinsu takwas, wato kwamfutocin da manhajarsu ke aiki a kai. A lokacin ma da hannu ake rubuta komai.

Ta farko tana da wurinta. Masanin AI Andrej Karpathy, wanda ya raɗa wa salon manna duk abin da AI ya zubo suna "vibe coding" a Fabrairun 2025, shi da kansa ya ce ya dace da ƙaramin aikin da za a yi a yar. In gwada dabara kake yi kafin ka nuna wa malaminka a Jami'ar André Salifou, ka yi yadda ka ga dama. In kuɗin mutane ne a ciki, ni dai ba na karɓar layin da ba zan iya bayyana shi da bakina ba, kuma ina ajiye kowane canji a Git, manhajar adana tarihin kod, kafin in bar AI ya taɓa na gaba.

Turo babban fayil ɗinka nan zaure bayan la'asar, in wuta ta zauna mu fara rarraba shi tare.