Baƙar Lincoln ta direbobin Bronx: abin da na sani game da Town Car

Duk wanda ya zauna a Bronx ko saman Harlem a birnin New York kafin zuwan Uber ya san tasi mai ruwan ɗorawa ba ta cika leƙo unguwanninmu ba. Can tsakiyar Manhattan take kai-komo, inda kuɗi yake. Mu a nan, idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko mutum zai bi jirgin asuba daga filin jirgin JFK, ofishin motocin haya na unguwa ake buga wa waya, mai rediyo ya yi cigiyar direban da ke kusa, kuma galibi abin da zai tsaya a ƙofar gida doguwar baƙar Lincoln Town Car ce. Direbobin kuwa 'yan Jamhuriyar Dominika ne da mu mutanen Afirka ta Yamma: 'yan Gini, 'yan Senegal, 'yan Mali, Hausawan zangon Ghana, 'yan Nijar, da mu na Najeriya. Da wannan motar na yi sana'a, da ita na biya kuɗin haya na ciyar da iyali, kuma har yanzu tana hannuna ko da yake na daina ɗaukar fasinja. Samarin da ke shigowa yanzu suna ganin irinta ta yi araha, suna ta tambayata ko su saya, shi ya sa na ga gara in tattara amsar wuri guda.

Tawa ƙirar 2008 ce, Executive L, doguwar da aka ƙara wa inci 6. Duk ƙarin nan wurin miƙe ƙafar mai zama a baya ya tafi, har ƙofar bayan ma ta fi ta sauran faɗi. Hannu na biyu na saye ta daga wani kamfani mai jigilar ma'aikatan banki, ta riga ta sha tafiya amma an kula da ita. Injinta silinda takwas ne, lita 4.6, ƙarfin doki 239, giya huɗu mai canza kanta, kuma sandar giyar a jikin sitiyari take, saboda haka kujerar gaba ma tana ɗaukar mutum uku idan ta kama. Mai neman motar tsere ya nemi wata. Wannan idan ka taka ta sai ta ɗan nisa tukuna, sannan ta ɗauki hanya a natse, kuma a haka za ta wuni ba za ka ji injin yana kuka ba.

Akwai wata Hajiya, dattijuwa 'yar Kumasi, da nake kaiwa wankin ƙoda. Wanda ya taɓa ganin mai fitowa daga wankin ƙoda ya san yadda jiki ke zama, ko tari aka yi kusa da shi sai ya ji a ƙashinsa. Wata rana ina wani aikin aka tura mata ƙaramar mota. Da na zo ɗaukarta a karo na gaba, tun kafin ta gama zama ta ce, “Ɗana, don Allah ka gaya wa mai rediyon nan, in ba kai ba ne su bar ni in jira. Taka kamar a kan katifa nake.” Na ce, “In sha Allahu, Hajiya.” Ramukan titin Cross Bronx da ke sa ƙananan motoci tsalle, wannan haɗiye su take yi. Dalili kuwa a ƙirarta yake. Bodinta daban ne, shasinta daban, an ɗora wannan a kan wancan da robobi a tsakani, irin ƙirar da yanzu sai a motocin ɗaukar kaya da manyan motoci masu tudu ake gani. A baya kuma ba sifirin ƙarfe ba ne, jakunkunan iska ne na roba guda biyu da ɗan famfo mai hura su. Ko mutum uku masu jiki suka zauna a baya, ka cika but da kaya, za ka ji famfon ya yi ɗan gurnani, motar ta ɗago ta daidaita.

But ɗin kansa abin magana ne. Kusan lita 600 yake ci, kuma zurfi gare shi. Mutanenmu idan za su gida ba sa tafiya da ƙaramar jaka, kowa da akwatunansa biyu masu kilo 23, ga tsarabar dangi, ga saƙon maƙwabta. Manyan akwatuna huɗu na sha jerawa a ciki na rufe ba tare da igiya ba.

Abin da ya fi ɗaure mu da motar, mu masu neman abinci da ita, shi ne sauƙin gyara. Shasi ɗaya da inji ɗaya take amfani da su ita da Ford Crown Victoria, wadda 'yan sanda da tasi mai ruwan ɗorawa suka daɗe suna hawa, da kuma Mercury Grand Marquis. Saboda haka kayanta ko'ina akwai. A garejojin Jerome Avenue, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba 4, da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinta ba. Ka shiga da safe da matsalar birki ko lagireto, kafin azahar ka koma aiki. In sabon kaya ya yi maka tsada, ka gangara wurin 'yan gwangwan na Hunts Point ka ciro na wata da ta yi hatsari. Injin sarƙar taimin yake amfani da ita, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa muddin kana canza baƙin mai a kan kari. Na ga irin motar nan da idona ta haura mil 400,000 tana aiki, injin da ta zo da shi ne a ciki. Direba ba ya ƙaunar mota don kyanta kawai. Ranar da motarka ta kwana a gareji ba ka da ko sisi, amma inshora da kuɗin ofis ba sa jira.

Wani hutun bazara na kwashi yara a cikinta muka je Michigan, muka shiga gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn. A can na ga Lincoln Continental ta 1961 wadda aka harbi Shugaba Kennedy a cikinta a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a jingine ta ba bayan kisan. Sulke aka yi mata, aka rufe samanta, ta ci gaba da ɗaukar shugabanni har 1977. Kusa da ita akwai ta 1939 da Shugaba Roosevelt ya hau. A gidan tarihin nan kuma aka ajiye kujerar da Abraham Lincoln ke zaune a kai lokacin da aka harbe shi a 1865, da bas ɗin da Rosa Parks, baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerarta ta bar wa farar fata. Yaran sun fi daɗewa a bas ɗin, ni kuwa wurin motocin na tsaya. Lincoln ta ƙarshe da aka ƙera wa fadar White House ita ce ta 1989, ta Bush babba, kuma daga Town Car aka fitar da ita. Daga zamanin Clinton aka koma Cadillac.

Wanda ya kafa kamfanin, Henry Leland, shi ne mutumina a labarin nan. A masana'antun bindiga ya koyi aikin ƙarfe, inda kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kan lalata aiki, kuma da wannan tsantsenin ya shigo harkar mota. Shi ya kafa Cadillac a 1902, a kan ragowar wani kamfani da Henry Ford ya bari. A 1917, yana da shekara 74, ya fice daga General Motors, wadda ta sayi Cadillac, saboda saɓani da shugabanta William Durant a kan ƙera injinan jirgin sama na yaƙi, ya kafa sabon kamfani shi da ɗansa Wilfred, ya sa masa sunan Abraham Lincoln, shugaban da ya fara jefa wa ƙuri'a a 1864. Da yaƙi ya ƙare suka koma mota, suka fitar da Model L a 1920. Inji ba a magana, amma bodin tsohon yayi ne, ga kasuwa ta faɗi, sai bashi ya ci kamfanin. A Fabrairun 1922 Henry Ford ya saye shi a kan dala miliyan 8, kuma ba a yi wata shida ba Leland da ɗansa suka bar wurin. Raina yana sosuwa idan na tuna dattijon da ya kai wannan shekarun ya ga an raba shi da abin da ya gina. Edsel, ɗan Ford, shi ya karɓi ragama, kuma shi ke da idon kyau. Motar da ya sa aka ƙera masa don hutunsa na Florida a 1939 ce ta zama Continental ta farko bayan abokansa sun gani sun ce suna so.

Town Car ta tsaya da ƙafarta a matsayin mota mai sunan kanta a 1981. A Wixom ta jihar Michigan ake haɗa ta har aka rufe masana'antar a 2007, sai aka mai da aikin St. Thomas a Kanada, inda aka haɗa tawa, kuma a can ta ƙarshe ta fito a watan Agustan 2011. Dokokin shan mai sun tsananta, an kuma wajabta na'urar hana mota zamewa daga ƙirar 2012, ita kuwa tsohon shasinta bai zo da wannan ba. Kamfanin ya miƙo MKT a madadinta, amma yawancin waɗanda na sani Toyota Camry suka koma, masu ƙarfi kuma Chevrolet Suburban. Yau Lincoln ba ta sayar da irin wannan doguwar mota a Amurka, sai masu tudu irin su Navigator da Aviator.

To, ga wanda zai saya yanzu. Ka fara da sanin cewa tana shan mai. Ƙiyasin hukuma mil 16 ne a galan cikin gari, 24 a babbar hanya, tankin kuma galan 19. In aikinka tsaya-tafi ne a cunkoson Fordham Road, lissafin ba zai yi maka daɗi ba idan ka kwatanta da mai Camry mai haɗin batir. Tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka ranar dusar ƙanƙara sai da tayar hunturu da haƙuri, wasu ma buhun yashi suke ajiyewa a but don bayan ya yi nauyi. Tsawonta ya haura mita biyar da rabi, neman wurin ajiye ta da dare aiki ne. A kwana mai kaifi tana kwantawa gefe. Babu kyamarar baya, yawancinsu babu allon taɓawa, agogo mai hannu ne a tsakiyar gabanta.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa a ɗaga ta ka shiga ƙarƙashi da tocila. Gishirin da ake zubawa a titunan New York lokacin sanyi yana cin shasi da bututun birki, kuma fenti mai sheƙi ba ya gaya maka abin da ke ƙasa. In ka sami wadda ta yi rayuwarta a Florida ko Arizona a hannun wani tsoho, ko Town Car ce ko Grand Marquis, ka riƙe ta da kyau. Ka bar ta ta kwana, da safe ka duba bayanta. Idan ya zauna ƙasa, jakunkunan iskan sun tsufa suna yoyo, abin da duk roba ke yi in shekaru suka ja. Da yawa sukan cire su sa sifirin ƙarfe don ya fi araha. Ni sababbin jakunkuna na mayar, don taushin nan shi ne rabin dalilin hawa motar. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1996 da 2001 kuma ka tambaya ko an canza murfin roba na saman inji da ruwa ke bi ta cikinsa, domin an san shi da tsagewa. Na fi ba da shawarar daga 2003 zuwa sama, lokacin da aka sabunta shasi da sitiyari.

Sai wani ɗan abu da sababbin masu ita ba sa sani. A cikin but akwai makunnin famfon iskan, kuma dole a kashe shi kafin a sa jak ko a ɗaga motar. Na taɓa kai ta wani gareji canjin taya, ina juya baya yaron shagon ya riga ya fara ɗagawa. Na ce, “Tsaya, ƙanena, sauke ta tukuna.” Na buɗe but na nuna masa. Ya ce bai taɓa gani ba, a kan Toyota da Honda ya koyi aiki. Irin bakaniken da ya tashi da motar nan yana raguwa, musamman tun da aka sauya tsarin gine-ginen Jerome Avenue a 2018 garejoji da dama suka tashi. In ka sami dattijon da ya san ta, ka karɓi lambarsa.

Don aikin haya ba zan ce ka saya ba. Mafi ƙuruciyarta ta 2011 ce, sai ka fara bincika ƙa'idar TLC, hukumar kula da motocin haya ta New York, da ta manhajar da za ka yi aiki da ita, sannan man da za ta sha zai cinye ribar. Amma mai iyali da ke son motar zuwa masallacin Juma'a, da ɗauko baƙi daga filin jirgi, da doguwar tafiya zuwa Philadelphia ko Columbus gaishe da 'yan'uwa, kuma ba shi da kuɗin sabuwa, ban san abin da zai samu a farashinta da ya kai ta ba. Masu tambayata ko su loda ta a kwantena su aika gida kuwa, amsata a'a ce. Bakanikenmu na Kano da Maraɗi Toyota da Honda da Peugeot suka sani, jakar iska ɗaya za ta iya zaunar da motar wata da watanni ana jiran saƙo daga Amurka, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, cika tankin silinda takwas ba ƙaramin abu ba ne ga wanda za ka aika wa.