Gargaɗi ga mutanen Zariya: akwai mai farar riga da ke bi gida-gida da sunan gashin ƙashi

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ke da mara lafiyar da ƙashinsa ya goce, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe.

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Watan jiya ya faɗi da babur wajen Kwangila, kafaɗarsa ta dama ta goce. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ga babu karaya, aka yi masa allura aka mayar da ita, aka rataye hannun a wuya. Likita ya ce a bar shi haka kamar mako 3, sannan ya fara zuwa gashin ƙashi.

Kwana biyu da dawowarmu sai ga wani ya yi sallama a gidanmu a Tudun Wada. Farar rigar likitoci, jaka, da wani kati a wuya da babu wanda ya tsaya ya karanta. Ya ce likitan gashin ƙashi ne, wai ya gan mu a bakin asibiti tausayi ya kama shi. Ina wajen aiki a lokacin. Da Hajiyarmu ya zauna, ya ce mata: "Mama, wannan rataye hannun shi ke shanye shi. Ku ba ni kwana 7, yaronki zai hau babur ɗinsa."

Ya san inda zai taɓa. Yaron nan hannu baka hannu ƙwarya yake, babur ɗin na haya ne, mai shi kuma kullum balas yake jira. Naira dubu 45 ya karɓa, rabi daga kuɗin adashen Hajiya. Abin da ya bari: kwalbar mai da babu suna babu lambar NAFDAC, ƙamshinta na man zafi ne da aka cuɗa da man kaɗanya, sai wata 'yar na'ura mai karkarwa wadda daga baya na ga irinta a kasuwar Sabon Gari a tsakiyar kayan caji.

Kuɗin bai dame ni kamar abin da ya yi da hannun ba. Ya cire ratayar, kullum sai ya ɗaga hannun sama ya murɗa shi baya kamar mai shirin jifa, yaro na ihu yana cewa ai ciwon ne ke fita. A rana ta huɗu kafaɗar ta sake gocewa a hannunsa. Ko a jikinsa. Wai jifa aka yi wa yaron, a ƙaro dubu 20 na hayaƙi. Da Hajiya ta ce bari ta kira ni, sai ya ce zai je ya yi la'asar. Har yau layinsa a kashe.

Da muka kai shi asibitin Shika aka sake mayarwa, mai gashin ƙashi ta gaskiya ta yi mana bayanin da na so a ce tun farko mun ji. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, jijiyoyi da nama ne ke riƙe kan ƙashin. Idan ya fita, sai ya buɗa su ko ya yaga, kuma mayar da shi ba ya nufin sun warke. Wannan ɗagawa da murɗawa baya ita ce ainihin hanyar da kafaɗa ta fi saurin fita, shi ya sa ake hana ta a makonnin farko. Motsa hannun kuwa a hankali ake farawa: mutum ya sunkuya ya bar hannu yana lilo, daga baya ya riƙa tura bango ba tare da ya motsa gaɓar ba, sai can gaba a ba shi roba ya ja. Aikin ƙarfi sai an yi wata 3 zuwa 4. Kuma matasa sun fi dattawa saurin sake gocewa, in ta fita sau biyu ta uku ba ta da wuya, wani ma sai an kai ga tiyata. Ta ce in yatsu suka yi sanyi ko hannu ya mutu, kada a jira gari ya waye.

Kada wani ya ce masu ɗori nake zagi. Mai ɗori an san gidansu, an san ubansa. Wannan ko unguwarsa ba mu sani ba. Dogo ne, baƙi, yana yawo da jar jaka, kuma wata maƙwabciyarmu ta ce irin wannan maganar ya yi wa 'yar uwarta a Samaru kan gwiwar hannu. In ya zo muku, ku tambaye shi a wane asibiti yake aiki, ku ce ku tafi can tare. Masu gashin ƙashi na gaskiya suna da lasisi, ba sa jin haushin a nemi gani.

Ƙanena yanzu ya koma ƙirga daga farko, mai babur ya karɓe abinsa. Kwalbar tana nan a saman sif ɗin Hajiya, na hana a zubar ko 'yan sanda za su nema.