Hydroxyurea ko dashen ɓargo: wanne ya dace da yaro mai sikila a ƙauye?

Hydroxyurea ƙwaya ce da ake sha kullum, gwargwadon nauyin yaro. Ba ta warkar da sikila, amma tana rage ciwon ƙashi da yawan ƙarin jini. Binciken da aka yi a Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022, ya nuna miligiram 10 a kowane kilo na kare yara daga shanyewar ɓarin jiki kamar miligiram 20, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Illarta rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa gwajin jini duk wata a farko dole ne. Kada a saye ta a kemis a ƙiyasta wa yaro da ido. Mai juna biyu ta nemi shawarar likita tukuna.

Dashen ɓargo kuwa, wato sanya wa yaro ɓargon wani a madadin nasa, yana iya warkarwa, an fara shi a Najeriya a Benin a 2011. An fi so a samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, kuma damar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya cikin huɗu ce. Maganin share tsohon ɓargo kan hana haihuwa, sabon ɓargon ma kan yaƙi jiki. Ga tsada.

Ga iyali a Gwaram ko Tsanyawa, Hydroxyurea tare da zuwa asibiti a kan lokaci ta fi yiwuwa.