Digirin Filología Hispánica a Sifaniya: Abin da Na Tarar a Cikinsa

Digirin harshen Sifaniyanci da adabinsa, wanda suke kira Filología Hispánica, an gina shi ne domin 'yan ƙasa, waɗanda suka sha harshen a nono. Na yi shi shekara huɗu a wata jami'ar gwamnati da ke yankin Kastiliya, kuma tun makon farko ake gane haka. Malami zai shigo ya yi ta zuba bayani kan furucin baƙaƙe ko waƙoƙin ƙarni na 13 da irin saurin da yake hira da iyalinsa, babu mai tsayawa ya tambaye ka ko ka fahimta. Ga wanda ya shigo da harshen a bakinsa, karatu ne mai albarka, kuma ina ba da shawarar a yi shi. Wanda ya zo da niyyar a koya masa magana daga tushe kuwa, kuɗinsa da shekararsa zai ɓatar.

Tsarin kansa ba shi da ruɗani. Shekara huɗu ce, ana tara maki 240 na ECTS, ma'aunin nauyin karatu a jami'o'in Turai, wato 60 a kowace shekara. Yawancin kwasa-kwasan maki 6 ne, kuma kowane maki ɗaya ana lissafa shi da aikin awa 25 zuwa 30. Ke nan kwas guda yana cin aƙalla awa 150, ƙasa da rabinsu ne a aji, sauran kai da littafinka ne. Zango biyu ne, na farko daga Satumba zuwa Janairu, na biyu daga Fabrairu zuwa farkon bazararsu. Ana ba da sakamako daga 0 zuwa 10, da 5 ake hayewa. Wanda ya faɗi yana da damar sake zama a cikin shekarar, amma in ya sake faɗi sai ya sake rajistar kwas ɗin, kuma kuɗin rajista ta biyu ya fi na farko tsada sosai. A nan ne aljihun ɗalibai baƙi yake yawan ɓulewa.

Jami'o'i da yawa matakin iya harshe na B2 suke nema daga baƙo, kuma takardar da aka fi yarda da ita ita ce DELE, wadda cibiyar Instituto Cervantes take bayarwa, Jami'ar Salamanca kuma tana da hannu wajen tsara tambayoyin da duba su. Jarrabawar B2 kashi huɗu ce: karatu minti 70, saurare minti 40, rubutu minti 80, sai magana baki da baki minti 20 bayan an ba ka wasu 20 na shiri. Kowane kashi maki 25 ne, amma ba jimilla ake dubawa ba. Ana haɗa karatu da rubutu wuri guda, saurare da magana wuri guda, kuma dole kowane ɓangare ya kai 30 cikin 50. Saboda haka mai iya rubutu ƙwarai zai iya faɗuwa idan kunnensa bai faɗa ba. Takardar DELE ba ta ƙarewa, ta SIELE kuwa, wata jarrabawar iya harshen, shekara biyar take yi. A ganina B2 ƙofa kawai take buɗe maka, sai ka kusanci C1, matakin da ke sama da shi, kafin ka iya sauraron lakca kana rubutu lokaci guda.

Abin da ya fi burge ni a karatun shi ne yadda Bahaushe yake shigowa da jari wanda bai san yana da shi ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su haka suke. Ra mai karkarwa, irin ta barar almajiri, ita ce ke raba pero, wato amma, da perro, wato kare: bugu ɗaya na harshe a ta farko, karkarwa sosai a ta biyu. Turawan Ingila da Amurka suna shan fama a nan, mu kuwa a gida muka taso da ita. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuya da harafin j ba, domin kusan furucin harafin kha na Larabci ne, z kuma a Kastiliya kamar harafin tha take fita, harshe tsakanin haƙora. Jinsi ma haka: suna namiji ne ko tamata, kuma mai ƙarewa da a galibi tamata ne, kamar a Hausa. Yadda muke da gida da ruwa da suna waɗanda suka ƙare da a amma maza ne, haka suke da el día, el mapa da el problema.

Har subjuntivo, siffar aikatau ta buri da fata, wanda ake tsorata ɗalibai da shi, muna da shi. Bahaushe yana cewa sun zo, amma idan buri ne sai ya ce ina so su zo. Wannan sauyi daga sun zuwa su shi ne tsakanin vinieron da quiero que vengan. Allah ya sa su zo kuwa shi ne ojalá vengan, kuma ita kanta ojalá daga Larabci ta fito, da sunan Allah a cikinta. Irin waɗannan kalmomi suna da yawa, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Hasta ita ce hatta, aceituna zaitun ne, azúcar sukari, alcalde kuma tushensu ɗaya da alƙali, ko da yake yau magajin gari take nufi.

Inda muke tuntuɓe kuma sananne ne. Na farko p da f: pila batir ne, fila layi ne, kuma bakinmu yana son mayar da su abu guda. Maganinsa madubi. A wajen p leɓɓa biyu su haɗu su rufe ruf, a wajen f haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Na biyu alamar ƙarfin gaɓa. Hablo ina magana ne, habló ya yi magana. Kunnenmu yana kama bambancin domin ya saba da karin sauti, amma hannunmu bai saba ɗora alama a kan wasali ba, tunda rubutun boko ba ya yin haka, kuma a wannan sashe ana rage maki a kan kowace alamar da aka manta. Na uku aikatau biyu masu nuna kasancewa, ser da estar: es malo, daga ser, mugu ne, está malo, daga estar, ba shi da lafiya. Wanda ya ɗauki ser a matsayin ne da ce, estar a matsayin yana da tana, zai yi daidai sau da yawa, amma ba kullum ba.

Latinanci dole ne a shekarar farko, kuma mutane suna raina shi. Amfaninsa sai an kai kwas ɗin tarihin harshe yake fitowa, inda za a ba ka kalmar Latin a ce ka bi ta mataki-mataki har ta zama ta yau. F ta farkon kalma ta koma h marar sauti, farina ta zama harina. Ct ta koma ch, noctem ta zama noche. Gajeren o mai ƙarfi ya rabe ya zama ue, porta ta zama puerta. Wanda ya yi wasa da Latin a shekarar farko, a ta uku zai biya bashin. A kwas ɗin ne kuma ake karanta nahawun Sifaniyanci na Antonio de Nebrija, wanda aka buga a Salamanca a 1492.

Adabi shi ne rabin digirin, kuma jarrabawarsa ba ta haddar sunayen marubuta ba ce. Za a ajiye maka waƙa ko shafin zube wanda wataƙila ba ka taɓa gani ba, a ce ka yi masa comentario de texto: ka faɗi zamaninsa da hujja daga cikin rubutun, ka fito da jigo, ka warware tsari, ka nuna adon harshe da aikin da yake yi. Ma'aunin waƙa yana ruɗa wanda ya san arulin Larabci da muke auna rubutacciyar waƙar Hausa da shi, domin su ba doguwa da gajeriyar gaɓa suke dubawa ba, yawan gaɓoɓi suke ƙirgawa. Idan kalma ta ƙare da wasali, ta gaba ta fara da wasali, sai a haɗe su gaɓa ɗaya. Idan ƙarfin kalmar ƙarshe yana kan gaɓarta ta ƙarshe, sai a ƙara ɗaya. La casa azul gaɓa biyar ce a rubuce, haɗewa ta mayar da ita huɗu, ƙarfin azul ya dawo da ita biyar. Kuskure ɗaya a nan sai ka kira ɗango mai gaɓa 11 mai 12, sauran sharhin duka ya karkace.

Karatun yana da nauyi. Don Quijote na Cervantes kaɗai babi 126 ne, kashi na farko na 1605, na biyu na 1615, kuma duka ake so. Kada ka sayi bugu mai arha marar bayani a ƙasan shafi, nemi irin na kamfanin Cátedra mai baƙin bango ko na kamfanin Castalia. Kalmomi da yawa ma'anarsu ta sauya tun wancan zamani, don haka ƙamus na yau zai ɓatar da kai. Diccionario de autoridades, wanda hukumar kula da harshen, Real Academia Española, ta fitar tsakanin 1726 da 1739, yana nan kyauta a intanet, shi ya fi dacewa da rubutun ƙarni na 16 da na 17.

Ƙorafina a kan manhajar da na bi guda biyu ne. Adabin Latin Amurka bai samu rabin filin da aka ba na Sifaniya ba, na Ikwatoriyal Gini kuwa, maƙwabciyar Kamaru da take rubutu da wannan harshe, ko ambatonsa ba a cika yi ba. Na biyu ya fi yi mini ciwo. Jarchas, gajerun baitocin da ake rufe muwashshah, wani nau'in waƙar Andalus, da su a harshen mutanen gari, waɗanda Samuel Stern ya fito da su a 1948, lakca ɗaya ko biyu aka ba su. Aljamiado ma haka aka ratsa ta kansa, alhali Sifaniyanci ne da Musulmin da suka rage a ƙasar suka riƙa rubutawa da haruffan Larabci kafin korarsu daga 1609. Tushen sunan ɗaya ne da ajaminmu. A 1884 an gano tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye cikin wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra, kusa da Zaragoza. Yawancin 'yan ajin ba sa iya karanta layi ɗaya na rubutun, wanda ya iya ajami kuwa cikin 'yan makonni zai fara bin sa. A shekarar ƙarshe kowa yana rubuta kundin kammalawa da suke kira TFG, kuma mai son yin nasa a kan aljamiado gara ya fara neman malamin da zai duba shi tun yana shekara ta uku, domin masana fannin kaɗan ne, wani lokaci ma sai a sashen Larabci ake samunsu.