Gargaɗi kan mai tallan kujerun mota da ya cinye mini naira 185,000

Naira 185,000 na tura wa mutumin nan a karo uku, kuma yau kwana ashirin da uku ke nan motata tana ajiye a garejin bakanike babu abin zama a cikinta. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa wannan a-kori-kura, Toyota Hilux ƙirar 1997 mai ƙofa biyu, kuma ban taɓa sayen ko noti ɗaya ba sai na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano na riƙe shi a hannuna, saboda haka kada wani ya ce mini ban san kasuwa ba.

Dogon bencin da motar ta zo da shi ya mutu, soso ya zube, ƙarfe yana sukar bayana duk ranar da na ɗauko hatsi daga Dawanau. Na ga tallan kujeru biyu masu zaman kansu a Facebook, mai su ya ce shagonsa yana Ladipo a Legas, kuma kayan Beljiyam ne.

Abin da ke hana ni barci shi ne bai fara da zancen kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kada ka biya tukuna, ka sa a cire bencin a auna mini tazarar ramukan notin." Ya bayyana mini cewa kowace kujera tana buƙatar noti huɗu, cewa dole mai walda ya sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasan motar domin kada notin ya yage shi idan aka yi karo, har ya tuna mini in duba inda makullin bel zai kama. Bakanikena yana tsaye yana ji, ya ce wannan mutumin ya san aiki. Wane ne zai ji "kada ka biya tukuna" ya yi zaton ɓarawo ne?

Na tura 120,000 a ranar Talata. Kuɗin mota 40,000 ya biyo baya, sai 25,000 da ya ce na direba ne a tasha, ko da yake ina jin na direban ya riga kuɗin motar. Na manta ban faɗa ba cewa tun kafin haka na sayar da tsohon bencin naira 15,000, domin ya rantse kayan suna hanya. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, kuma na lura, na tambaye shi, ya ce na maigidansa ne. Na tambaya, Allah ne shaidata, ba rufe ido na yi ba.

Ranar Asabar na wuni a tasha ina kiran lambar direban da ya ba ni, wadda ba ta shiga ko sau ɗaya ba. Da magariba mai kujerun ya toshe ni a WhatsApp, kuma bidiyon kujerun da ya turo mini na sake ganinsa a wani shafi da wata lambar daban.

Kada ku tura kuɗin kujera sai wani naku ya je shagon ya gan ta, kuma idan sunan asusu ya bambanta ku fasa.

Na kai ƙorafi banki da wajen 'yan sanda. Rasit ɗin guda uku da hotunan hirarmu suna wayata, zan sa su a nan da daren nan idan na ɓoye lambar asusuna, har da muryarsa inda yake cewa kada in biya tukuna, kwana biyu kafin ya fara karɓar 185,000 ɗina.