Gandun Dabbobi: littafin da dokokinsa ke sauyawa cikin dare

Wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai na samu kwafin Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell mai suna Animal Farm, wadda Maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1975, shekara 30 bayan fitowar na asali a Landan a 1945. Takardun sun yi ja saboda tsufa, bangon ma sai da na liƙe shi, amma rubutun yana karantuwa sarai, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Orwell ya rubuta labarin ne yana zambo ga juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin, amma mai fassarar ya raɗa wa dabbobin sunayen gida, wanda hakan ya sa mai karatu ke jin kamar a bayan garinsu gandun yake. Manomin da dabbobinsa suka yi wa juyin mulki suka kora shi ne Nomau, aladen da ya ƙwace mulki Maitumbi, mai yi masa farfaganda kuwa Karambana, sunan da ya zauna masa daram.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne batun dokoki bakwai da aka rubuta a jikin bango. Aladu sun iya karatu da rubutu, alhali doki Akawal, wanda ya fi kowa ƙarfi da aiki tuƙuru, bai taɓa wuce haruffa huɗu na farko ba, tumaki kuwa taken da aka haddace musu kaɗai suke rerawa. Saboda haka duk lokacin da aladu suka karya doka, sai a wayi gari an ƙara mata 'yan kalmomi: haramcin kwana a kan gado ya koma haramcin gado mai zanin shimfiɗa, haramcin shan giya ya koma haramcin shanta fiye da kima. Dabbobin sukan ji a jikinsu cewa ba haka aka faɗa da farko ba, sai dai ba su da hujja, Karambana kuma ya ƙware wajen tambayarsu ko suna da rubutacciyar shaida, sannan ya rufe da barazanar dawowar Nomau. Har ranar da aka samu Karambana da tsakar dare ya faɗo daga tsani, ga gwangwanin fenti a gefensa, ba su gane komai ba.

Wanda ya fi ba ni haushi, duk da haka, shi ne jaki Aura, domin ya iya karatu kamar kowane alade, ya kuma fahimci abin da ke gudana, amma ya ja bakinsa ya yi shiru shekara da shekaru. Bai ɗaga murya ba sai ranar da aka zo ɗaukar Akawal da sunan kai shi asibiti, ya karanta rubutun da ke jikin keken ya ga na mai yanka dawaki ne, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi a zama biyu. Malamin da zai karanta shi da ɗalibansa ya tanadi ɗan bayani kan tarihin Rasha tukuna, domin idan babu shi, korar Ɗantulu, aladen da ke takarar shugabanci da Maitumbi, za ta zama rikicin aladu kawai, ba za a ga Trotsky, abokin hamayyar da Stalin ya kora daga Rasha, a cikinta ba.