Rahoto daga Beljiyam a kan tayoyi da tiyub na keken tsere

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran da kake horarwa, ga bayanin da ka nema game da tayoyi da tiyub na keken tsere, yadda ake sayar da su a nan yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, da kuma abin da nake ganin zai jure hanyoyinmu na Kano da kewayenta.

Zan fara da awo, domin a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta a gida. A kasuwanninmu mai saye yakan ce a ba shi taya mai lamba 27 ko 28, mai shago ya miƙo abin da ke hannunsa, sai an je ɗaurawa a ga ba ta zauna ba. A nan ba a dogara da lissafin inci. Kowace taya tana ɗauke da lambobi biyu a gefenta, misali 28-622, inda ta farkon take nuna faɗin tayar a milimita, ta biyun kuma girman da'irar rim a daidai wurin da bakin taya yake zama. Keken tsere na zamani 622 ne, shi ne kuma ake rubutawa 700C ko a kira shi inci 28. Babban keken nan namu irin Raleigh ko Phoenix, wanda ake ɗora wa buhu, 635 ne, duk da cewa shi ma inci 28 ake kiransa, tsofaffin kekunan tsere na Ingila da Amurka masu inci 27 kuwa 630 ne. Milimita 8 kacal ke tsakanin 622 da 630, amma ya isa ya hana taya shiga, ko ya sa ta kuɓuce daga rim ana cikin gudu. Tun da yawancin kekunan yaranka na hannu ne, kuma daga ƙasashe daban-daban aka shigo da su, ina roƙonka kada a sayi komai sai an karanta wannan lamba a jikin kowane keke.

Tayoyin tsere iri uku ne a shagunan nan. Akwai wadda muka sani, mai tiyub a ciki. Akwai wadda ake ɗinke tiyub a cikinta sannan a manna ta a rim da gam, wadda ƙwararru suka yi shekaru da dama suna amfani da ita, amma yanzu ta ja baya ƙwarai, kuma ba ta da amfani a gare ku saboda wahalar mannawa da ta gyara. Sai maras tiyub, wadda ake zuba wa wani ruwan danƙo da ke toshe ƙananan huji da kansa, ita ce kuma mafi yawan manyan ƙungiyoyin tsere suka koma wa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ra'ayi ya sauya game da faɗin taya da yawan iska. A da ana ganin siririyar taya mai milimita 23, wadda aka cika da iska har ba 8 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin iska ne), ita ce mafi gudu, kuma na san har yanzu haka matasa da yawa a gida suke gani, shi ya sa suke bugun iska har sai taya ta ƙi lotsuwa ko kaɗan a ƙarƙashin yatsa. A nan an bar wannan. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a kan hanyar da ba ta da santsi sosai, taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane ƙaramin tudu, ƙarfin mahayi ya tafi a girgiza maimakon tafiya gaba, alhali mai ɗan faɗi da sassaucin iska tana lanƙwasawa ta haɗiye tudun ta wuce. Saboda haka milimita 28 zuwa 30 ya zama abin yau da kullum, a tseren Paris-Roubaix na Faransa kuwa, inda ake bi ta tsofaffin hanyoyin gona da aka shimfiɗa da duwatsu, ana hawa masu milimita 32. Irin waɗannan duwatsu ne a tsaunukan Koppenberg da Paterberg na tseren Flanders da ke ƙarewa a Oudenaarde, da kuma Kemmelberg na tseren Gent-Wevelgem wanda Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya lashe a 2022. Duk wanda ya bi waɗannan hanyoyi zai ga cewa darasinsu ya fi shafar mu fiye da mutanen nan, domin su a 'yan wurare suke gamuwa da mugun titi, mu kuwa faci-facin kwalta da ramuka da tsakuwa ne abincinmu na kullum. Mahayi mai nauyin kilo 65 zuwa 70 a kan taya mai faɗin milimita 28 mai tiyub, ba 5 zuwa 5 da rabi ya ishe shi, wato wajen 73 zuwa 80 a ma'aunin psi da masu faci suka saba da shi, ta gaba kuma a rage mata kaɗan. Sharaɗi ɗaya ne: tsofaffin kekuna masu birkin da ke kama rim sau da yawa ba sa ɗaukar taya mai faɗin fiye da milimita 25 ko 28, kuma dole a bar tazarar kusan milimita 4 tsakanin taya da jikin keke, in ba haka ba yashi da tsakuwa za su riƙa cin fentin da ƙarfen.

Tiyub ma iri uku ne. Na baƙar roba wanda muka sani yana da nauyin kusan gram 100, ana samun sa a kan yuro 5 zuwa 8, yana riƙe iska kwanaki, kuma yana karɓar faci da sholisho. Na danƙon itace, mai launin ja-ja ko kore, ya fi laushi kuma ya fi gudu, sai dai iska tana tsiyaya ta jikinsa cikin dare ɗaya, dole a buga masa kowace safiya, kuma zafi da hasken rana da maiƙo suna saurin lalata shi. Na ukun sabon yayi ne da ake kira TPU, wata irin leda mai ƙarfi wadda nauyinta bai wuce gram 25 zuwa 40 ba, ana naɗe shi ya shiga tafin hannu, amma na sanannun kamfanoni yakan kai yuro 20 zuwa 30, kuma sholishon masu faci ba ya kama shi, sai da facinsa na musamman. A ganina ribar 'yan gram sittin a kowace ƙafa ba ta kai a ɗora wa yaro tiyub ɗin da babu mai iya gyara masa a kan hanyar Wudil ko ta Bichi ba. Na baƙar roba shi ne naku na horo da na tsere duka, sai dai ko a ware na danƙon itace ga gwanaye biyu ko uku ranar gasa.

Maganar maras tiyub tana buƙatar natsuwa, domin a takarda ita ce maganin babbar matsalarmu. Abin da ke huda taya a nan ɓarɓashin kwalba ne da ƙananan duwatsu masu kaifi da ruwan sama ke wankowa. Namu kuwa ƙaya ce, musamman tsidau da ke bazuwa a gefen titi bayan damina, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, kuma irin wannan siririn huji shi ne ruwan danƙon ya fi iya toshewa. Amma ruwan bushewa yake yi. A sanyin nan yakan yi watanni kafin a ƙara, a zafin bazara na gida kuwa ba zai daɗe haka ba, ga shi sai an yi odarsa daga waje. Sannan tana buƙatar rim na musamman da tef da bawul nasa, da famfo mai iya tura iska da yawa lokaci guda. Wasu sababbin rim ɗin ma ba su da ƙugiyar da ke riƙe bakin taya, kuma ƙa'idarsu ita ce kada iska ta wuce ba 5, wanda haɗari ne a wurin da ake buga iska ba tare da ma'auni ba. A tuna kuma cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga iskar da kusan ba 0.2, saboda haka tayar da aka cika da asuba ba haka za ta kasance ba da azahar a kan kwalta. Shawarata a jinkirta wannan sai ƙungiyar ta samu kayan aikinta.

Game da farashi, tayar da ta fi farin jini a nan ita ce Continental Grand Prix 5000, wadda ake yi a Korbach ta Jamus, kuma a shago takan kai yuro 60 zuwa 70 guda ɗaya, a intanet kuma a kan same ta ƙasa da 50. Vittoria Corsa da Pirelli P Zero da Schwalbe Pro One duk sa'o'inta ne a daraja da tsada. Vittoria Corsa jikinta na zaren auduga ne, tana da daɗin hawa ƙwarai, amma gefenta ba ya jure kaifin dutse, don haka ban ga dacewarta da ku ba. Don horo, Continental Gatorskin mai ƙarin kariya, ko masu rahusa da ake samu a shagon kayan wasanni na Decathlon a kan yuro 15 zuwa 25, sun fi muku amfani, a ajiye masu tsadar sai ranar tsere. Jabu ya yawaita a kasuwannin intanet, musamman na Grand Prix 5000, don haka duk wadda aka tallata maka da rabin kuɗinta ka yi zarginta.

Inda mutanen nan suka fi mu shi ne tsari da kariyar mai saye. Doka ta ba da garantin shekara 2 a kan kayan da ya zo da aibu daga masana'anta, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Mai shago yakan tambayi nauyinka da faɗin cikin rim ɗinka da hanyar da kake bi kafin ya ba ka shawara, kuma kowane famfon ƙasa yana da ma'auni. Inda muka fi su kuwa shi ne gyara. Kuɗin aikin bakanike a nan yana da tsada har ta kai ba a yin faci a shago, sai dai a cire tiyub a jefar a sa sabo, kuɗin hannu ya ninka na tiyub ɗin, a lokacin bazara kuma mutum yakan jira kwanaki kafin layi ya zo kansa. Mai faci na bakin titi a gida, wanda zai tsoma tiyub a ruwa ya gano huji ya like shi kafin ka gama hutawa, ni'ima ce da babu irinta a nan, kuma wajibi ne duk abin da za ku saya ya zama wanda hannunsa zai iya gyarawa. Abin da ya rasa shi ne kan famfon da ya dace, domin keken tsere siririn bawul gare shi mai suna Presta, injin mai faci kuwa na bawul ɗin mota ne. Wani ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla, wanda bai wuce yuro 2 ba, yana warware wannan, ya kamata kowane yaro ya riƙe ɗaya a aljihu.

Abin da na shirya aikowa shi ne tayoyin horo masu naɗewa, domin masu waya a baki ba sa shiga jaka sai an lanƙwasa su, tare da tiyub na baƙar roba, da tef ɗin rim, da mahaɗan bawul, da famfon ƙasa mai ma'auni. Idan sun iso a ajiye su a ɗaki mai inuwa, nesa da janareto da man fetur. Kafin in biya kuɗi, Yaya, ina buƙatar ka sa a rubuto mini lambar da ke gefen tayar kowane keke, da zurfin rim ɗinsa don in san ko bawul mai milimita 42 ko 60 ko 80 zan saya, da kuma hoton tazarar da ke tsakanin taya da birki gaba da baya. A gaida Umma da mutanen gida baki ɗaya.